Takardar Fatar Saniya

Arlit, unguwar Bukoki, ran Talata

Gaisuwa cike da kamyo goma har da tirela zuwa gare ka Mushe Fatahu, Mushe na Faransanci ba na angulu ba, taubashina, da matarka Madina, da yaranku duka har wanda ke ciki in akwai, da maƙwabtanka na dama da na hagu, da mai gadin biro ɗinku, wato ofis, da ministocin Yamai waɗanda anka tuɓe da waɗanda ba a kai ga tuɓewa ba, da kifin kogi, da duk wanda za shi taya ka karatu in hannuna ya gagare ka. Mai gaishe ku shi ne Nomau ɗan Tawa, zakin hanyar Asamaka, shofer ɗin da bai taɓa taka ko kaza ba, yanzu kuma Perezida. I, Perezida. Zauna ka sha ruwa in ba ka labari.

Mu nan lahiya lau. Kamfanin yuraniyom ya ce duniya ta bar sayen dutsenmu, sunka sallame mu ɗari da wani abu rana guda, sunka amshe makullin kamyona, babbar motar da nike ja, na yi mata bankwana kamar mutum. Ruwa bai sauka ba bana, bara ma yayyafi yay yi ya wuce. 'Yan tawaye na cikin duwatsu, soja na bisa hanya, mu muna tsakiya muna shan shayi ba sukari.

Da munka ga zama ya yi yawa, rediyo kuma kullum demokaradiyya demokaradiyya kowa shi kafa ƙungiya, sai munka kafa tamu, Ƙungiyar Makiyaya da Masu Garka da Shofer Marasa Mota. Anka yi zaɓe na gaskiya da tsakuwa cikin kwano. Na ci da tsakuwa sha tara. Maƙiya na cewa wai don tamfol ɗin da ake zama ƙarƙashinshi nawa ne, wai kuma na ce in na faɗi zaɓe zan naɗe abina. Ƙarya ne, sau guda kawai na faɗi haka. Malama Lauratu ta lakwal, makarantar boko, ita ce sakatare. Ita rubutu, ni magana.

To ga abin da yas sa na ɗauki biro. Ka san matata Dassin, ka san ubanta tsoho Akoli, Allah shi gafarta mani na kama sunan suruki. Shekara tara ina zaune da ɗiyarshi bai taɓa kiran sunana ba, mai mota yake ce mani, yanzu da babu motar sai shi ja rawani bisa hanci shi dubi gefe. Shekaranjiya sai ga shi bisa raƙumi har ƙofar bukkata. Suna da rijiya can wajen Dannet, rijiyar Intala, kakanshi Intala yag gina ta. Gida sittin da uku na Abzinawa ke shayarwa nan, kuma bana ita kaɗai ke da ruwa duk wajen. Wani Alhaji Kalilu mai motocin saida ruwa ya tahi da mutane sun auna ta, yac ce sabuwar dokar da kuke rubutawa Yamai ta ce rijiyar da ba ta da takarda ba ta da mai ita, gwamnati za ta ba wanda za shi sa mata inji. Shi kuma injinshi na hanya. In ya ja ruwan ya kawo Arlit ya saida, bisashen mutane sun mutu, mutanen kuma sai bara bakin kasuwa.

Tsoho yac ce mani, "Mai mota, an ce kai ne babba na taro. Doka wannan, wa ya rubuta shi?"

Nic ce, Baba kwantar da hankalinka, mai rubuta dokar ƙasar nan kaf ɗan gwaggona ne, ni na koya mashi hawan jaki. Ka ga ban yi ƙarya ba. Ba kai ke buga ta bisa mashin ɗin rubutu ba?

Saboda haka abu biyu. Na ɗaya, in ka zo daidai layin rijiya ka tsallake shi, ka ce mashin ce ta cinye. Na biyu ka aiko mani besti, wato kwat, baƙa, mai aljihu ciki. Perezida ba shi yiwuwa da rigar kamfanin da ya kore shi.

Naka har kullum,
Perezida Nomau

*

Yamai, 12 ga wata

Zuwa ga yayana Nomau,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da surukai. Takardarka ta iso, mu uku muka taru a kanta kafin ta ba da kai. Madina tana gaishe ka, ta ce babu kowa a ciki, ka bar yi mata fata.

Zan yi bayani dalla-dalla, kuma ina roƙonka ka ba Malama Lauratu ta karanta, domin na san kai rabi za ka karanta ka ƙarasa sauran da ka.

Ba ni nake rubuta doka ba. Akwai komite na mutum goma sha ɗaya da aka ɗora wa gyaran dokar filaye da rijiyoyi. Su suke rubutawa, ni ina buga abin da aka miƙo mini. In na tsallake layi, za a mayar da layin, ni kuma a tsallake ni.

Layin da kake nufi yana nan, shi ne sashe na goma sha huɗu. Bai zama doka ba tukuna. Ya ce fili ko rijiyar da babu takarda a kanta, kuma babu gona ko gini da ke nuna ana raya ta, ta hukuma ce. Waɗanda suka rubuta shi ba mugaye ba ne, amma kusan dukansu 'ya'yan manoma ne, a ganinsu wanda bai yi shuka ba bai yi komai ba. Wannan tsakanina da kai ne.

Ga hanyar da ta rage. Komite zai zauna a Agadas ranar uku ga watan gobe, yini ɗaya tak, domin jin koken jama'a. Koke sai a rubuce, da Faransanci, kowane mai koke ya sa hannu, a rubuta lambar kart ɗinsa ta ɗan ƙasa. Bayan wannan rana ba a karɓar komai. An manna sanarwar a allon biro. Na ce wa shugabana makiyayin da ke Dannet ba zai taɓa ganin allon nan ba, ya ce mini aikina mashin ne.

Besti ɗaya gare ni, ita nake sawa zuwa aiki.

Daga ƙarshe, don girman Allah ka daina gaya wa mutane ni ke rubuta dokar ƙasa. Lokacin nan ba na wasa ba ne.

Allah ya kawo ruwa, ya kwantar da ƙasa.

Ƙaninka,
Fatahu

*

Arlit, ran Laraba

Mushe mai besti guda,

Ina gaishe ka ina gaida mashin ɗinka. Na ji wa'azinka, Malama ta karanta mani sau biyu, na biyun da ƙarfi gaban mutane, Allah shi saka mata.

Ba mu zauna ba. Malama ta rubuta koken da Faransanci mai kyau har da su konsideran konsideran, munka hau bayan motar gawayi sai rijiyar Intala. Fatahu da ka ga wurin da ka yi shiru. Raƙuma ƙashi da fata, shanu sai an kama wutsiya an tada su. Amma rijiyar na nan, da komayen itace kewaye da ita inda bisashe ke sha, kowane gida da kominshi da lokacinshi.

Nic ce kowa shi kawo kart. Cikin gida sittin da uku, huɗu sunka hito da ita. Guda ta wan mai ita ce da ya rasu, guda akuya ta ci hoton. Nic ce to ba komi, ga tawada, kowa shi dangwala yatsa. Kowa ya maida hannu cikin riga. Surukina yac ce, "Yatsa cikin baƙi, ranar haraji ne da ranar kurkuku. Ni ba ɓarawo ba ne." Wani kuma yac ce shekarar babban fari sun dangwala har yatsa ya yi ciwo, wai za a kawo hatsi, har yau hatsin na hanya.

Sai wata tsohuwa, Lalla sunanta, ƙarama kamar tsuntsu amma rabin shanun wurin nata ne, tac ce, "Hannun mutum shi ne wutar da ke wuyan raƙumi nasa." Ka san kowane gida nasu da shaidarshi da suke sa ma bisashe da ƙarfe mai zafi. Wani kamar ƙafar zabo, wani layi biyu da ɗigo, wani kamar ƙugiya. Tun kakanni. Ita ce bisa wuyan raƙumi, ita ce bisa komin gidan, ita ce bisa itacen bakin rijiya. Ba mai taɓa ta wani, ko ɗan shekara bakwai ya san ta kowa.

Wagga dabara daman tana cikin kaina, tsohuwar riga ni faɗi kawai tay yi.

Munka ba su biro su zana bisa takarda. Wayyo. Na farko ya riƙe biro kamar za shi soke kura, takarda ta yage. Na biyu yac ce shaidar da ba wuta tay yi ta ba ƙarya ce, kowa na iya yin ta. Malama ta kusa kuka. Lalla ta tashi ta jawo fatar saniyarta da ta mutu ran Jumma'a, tana nan shanye bisa ƙaya. Anka hura wuta, kowa ya kawo ƙarfenshi.

Sai rigima, wa za shi fara. Kwana biyu Fatahu! Kai demokaradiyyar Yamai wasa ce. Ƙarshe anka ce a bi yadda ake shayarwa, gidan mai gina rijiya farko, sannan na bayanshi, layi layi har ƙasa. Sittin da uku cif. Dassin ta ɗinke takardar Faransancin wajen wuya da zaren fata, ɗinkin da ko soja ba shi kwance shi.

Na ɗauki wani guntun ƙarfe nic ce bari Perezida shi sa tashi daga sama. Surukina ya riƙe mani hannu yac ce, "Kai ba ka da raƙumi, ba ka da komi. Kai ɗauka za ka yi." Anka yi dariya, ni ma na yi. Ba ta yi mani daɗi ba amma na yi.

Abu guda ne matsala, saniyar ba ta gama bushewa ba. Da munka komo mai motar gawayi ya sa ni can ƙarshe ni da ita. Yanzu tana bisa rufin bukka, angulu uku na gadinta.

Gobe motoci ke tashi Agadas, zan tahi da wuri in kama wuri. Na shirya jawabi na awa biyu, na gwada shi gaban awakin Dassin har guda ta bar tuƙa. Ka ji rediyo ran uku ga wata.

Maganar besti, ka sake tunani. Aro ma ya yi.

Naka,
Perezida Nomau, mai ɗauka

*

Arlit, 25 ga wata

Malam Fatahu,

Ina kwana, ina gida, ina yara. Ni ce Dassin. Malama Lauratu ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara.

An kama ɗan'uwanka. Mai motar da ya ɗauke shi ya dawo ya ba mu labari. A wani shinge tsakanin nan da Agadas masu kaki suka ji wari, suka ce a sauke kaya. Suka buɗe fata, suka ga shaida layi layi, suka ce wannan taswira ne na 'yan tawaye, ga zango ga zango.

Da ya yi shiru da sun bar shi. Bahaushe ne, kart nasa yana aljihu, takarda na Faransanci yana ɗinke a wuya. Amma ka san shi. Babbansu ya ce, menene wannan? Shi kuma ya gyara tsayuwa ya ce, "Waɗannan mutanena ne, gida sittin da uku, duk suna cikin daji. Ni ne shugabansu. In na ɗaga hannu yau, duk su taso."

Mai mota ya ce ya taka masa ƙafa, bai ji ba. Ya ƙara cewa yana da babban mutum cikin gwamnati a Yamai. Suka ce wa? Ya faɗi sunanka da na babanka da inda kake aiki. Na ce gara ka sani.

Saura kwana takwas. Inji na Alhaji Kalilu ya iso Arlit, na gan shi da idona cikin akwati. Baba yana zaune bakin rijiya. Ba za a iya yin wani fata ba, mutane sun watse neman ciyawa.

Ni ba kuka nake ba. Na aure shi don ya sa ni dariya a shekarar da babu abin dariya. A dawo mini da shi, da fata. In ɗaya kawai za a samu, Baba ya ce fata. Ni ban ce komai ba tukuna.

A gaida Madina.

Dassin ɗiyar Akoli

(Malam Fatahu, duk abin da ta faɗa haka yake. Ka yi abin da za ka iya. Lauratu.)

*

Yamai, 29 ga wata

Zuwa ga Dassin da Malama Lauratu,

Ina gaishe ku, ina muku jaje. Takardarku ta tarar an riga ta. Jiya mutum biyu suka zo biro suka tambaye ni gida nawa nake da su a daji. Na nuna musu mashin ɗina.

Da na ga ruwan ya riga ya kai mini wuya, sai na yi abin da ban taɓa yi ba cikin shekara sha biyu na aiki, na ƙwanƙwasa ƙofar babba ba a kira ni ba. A cikin komite akwai wani dattijo, Malam Alhassane, tsohon likitan dabbobi. Shekara talatin ya yi yana allurar garke a arewa. A wurin taro barci yake yi. Da na ce fatar saniya mai shaidar wuta, sai ya buɗe ido duka biyu. Ya ce, "A sama akwai ƙafar zabo da ɗigo biyu?" Na ce ban gani ba. Ya ce shi zai gani.

Ya buga wa sojan da ke riƙe da Nomau waya ya ce koke ne da aka aiko wa komite, a kawo shi Agadas ranar uku, da mai ɗauke da shi. Ban san ko za su yarda ba.

In aka kore ni, a ajiye mini wuri ƙarƙashin tamfol.

Naku,
Fatahu

*

Agadas, ran biyar ga wata

Fatahu ɗan gwaggona, babban mutum cikin gwamnati,

Gaisuwa da jinjina. Da farko in gyara wata magana da ake yaɗawa, ba kama ni anka yi ba, riƙe ni anka yi don shawara. Kwana tara. Na gyara masu mota biyu, na koya ma kukunsu dahuwar shinkafa. Kwana biyun farko dai ban yi dariya ba, wannan kar ka gaya ma Dassin. Akwai wasu makiyaya biyu da na tarar can, su ba su da taubashi Yamai. Na riƙe sunansu cikin kaina na ba dattijon naka, yac ce za shi bi.

Ran uku ga wata anka sa ni cikin mota ni da fata. Mota gaba, mota baya, bindiga ko'ina. Kai duk koken da anka kawo ranar, wa ya shiga Agadas da rakiyar soja in ba namu ba? Gwamnati da kanta ta kawo shi, da man gwamnati. Ko sisi ban biya ba.

Munka shiga zauren, ga su goma sha ɗaya bayan tebur da ruwan kwalba. Ga Alhaji Kalilu gaba da babbar riga. Anka shimfiɗa fata bisa tebur. Fatahu, kwana tara cikin ɗakin kwano! Shugaban komite ya toshe hanci da hankici, wata madam ta koma bakin taga.

Kumandan sojan da sunka riƙe ni ya ɗauki sanda shina nuni, nan zango ne, nan ma zango ne, wanga layi hanyar da suke bi ce. Sai dattijon nan ya tashi a hankali ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa bisa ta sama yac ce, "Ƙafar zabo da ɗigo biyu, gidan Akoli jikan Intala. Taguwarshi ta cije ni nan, ga tabon." Ya naɗe hannun riga ya nuna. "Wagga ƙugiya, Lalla ce, tana nan da rai? Ta taɓa korata da muciya." Haka ya bi su ɗaya ɗaya kamar mai kiran suna lakwal, har hamsin da takwas. Biyar yac ce bai san su ba, yara ne da sunka yi gida bayan ya bar aiki. Nic ce ga ni, na faɗe su. Ashe na riƙe.

Kumandan yac ce to ba taswira ba ce kenan? Dattijo yac ce layin shan ruwa ne, in ka tahi rijiyar za ka iske su bisa komaye yadda suke nan. Kumandan ya dubi sandarshi, ya sa ta ƙarƙashin hammata.

Sai Alhaji ya miƙe yac ce ranku shi daɗe, ƙa'ida ta ce sa hannu da lambar kart, wannan kuwa mushe ne. Wallahi kuma gaskiya gare shi. Dattijo yac ce, "Alhaji, ka taɓa sayen raƙumi kasuwa?" Yac ce sau nawa. "Da mi kake gane ba na sata ba ne?" Yac ce da shaidar wuyanshi mana. Dattijo yac ce, "To shaidar da ta ishe ka sayen raƙumi, ita ce ba ta isa ta nuna mai rijiya ba?" Alhaji ya buɗe baki, ya gyara hula, ya zamna.

Sannan shugaba yac ce mai koke shi yi magana. Lokacin jawabina na awa biyu. Na tashi. Fatahu, duk abin da na gaya ma awaki ya gudu. Ba abin da nike gani sai shanun nan da ake tadawa da wutsiya. Nic ce, "Ranku shi daɗe, ba su da gona don ba a shuka bisa dutse. Ruwan nan in an ɗauke shi mutuwa za su yi." Na zamna. Shi kenan. Mutane na cewa ba a taɓa jawabi mai ƙarfi irinshi Agadas ba, ni ma haka na gani.

Sunka ɗaga hannu, shida sun ce a amshi koke, biyar sun ce a'a. Madam ta bakin taga ce ta shida, ban sani ba ko tausayi ko don a fitar da fata da sauri. Sakatare ya buga hatimi bisa gashi bai kama ba, sau uku, ƙarshe ya buga bisa takardar wuya. Anka ce Alhaji shi dakata da injinshi sai an gama doka.

Yanzu ga albishir naka. Shugaba yac ce duk koken da anka amsa sai an kai shi Yamai an buga shi bisa mashin, kofi uku. Na ce masu ina da mutum.

Naka da ya sha ɗaurin gwagwarmaya,
Perezida Nomau

*

Yamai, 20 ga wata

Yaya Nomau,

Barka da fitowa, Allah ya kiyaye gaba. Ya kuma kiyaye mu daga bakinka.

Saƙonka ya iso. Abokan aikina uku sun koma aiki a baranda. Mashin ba ta da ƙafar zabo, saboda haka kwana huɗu na yi ina zana shaidar raƙuma da hannu, sittin da uku sau uku, Malam Alhassane yana tsaye a kaina yana cewa ƙugiyar Lalla ba haka ta lanƙwasa ba. Wannan shi ne sakamakon karatun da na yi.

Jiya aka miƙo mini sashe na goma sha huɗu in sake bugawa. An ƙara masa layi ɗaya, cewa rijiyar da ke ɗauke da shaidar masu shayarwa a cikinta tana da masu ita, ba a ba da ita sai da yardarsu. Na buga shi a hankali, ban tsallake ko wasali ba. An mayar wa Alhaji Kalilu takardar nemansa. Sauran aiki yana wurin depite, wato 'yan majalisa, kuma akwai rijiyoyi da yawa da ba su da fata, saboda haka kada ka sa a buga ganga tukuna. Ka gaya wa Malama ta fara shirin wani koken.

Makiyaya biyun da ka faɗa, an saki ɗaya. Malam yana bin ɗayan.

Besti tana cikin ƙunshin nan. Ta sha warin saniya, Madina ta ce ko ita ko bestin a ɗakin. Kada ka ɗauka don wani abu ne.

Ƙaninka,
Fatahu

*

Rijiyar Intala, ran Jumma'a

Fatahu,

Gaisuwa gare ku duka, ka raba da kanka, yau sauri nike mai mota na jira.

Besti ta iso, ta matse ni ga hammata amma Perezida ya hito. Na sa ta na zo rijiya, Malama ta karanta layinka, Dassin ta juya masu da Tamajak. Ba wanda ya yi guɗa. Surukina ya tashi ya sa ƙarfe cikin wuta, ya jawo wani tsohon komi da ba mai shi, yac ce, "Nomau. Zo sa naka."

Nomau yac ce, Fatahu. Gaban mutane.

Na yi shaidar sitiyarin mota. Lalla tac ce ya yi kama da ƙwaryar da jaki ya taka, amma ya zauna. Lokacina ran Jumma'a bayan jakunanta, ni da awakin Dassin biyu.

To da layina ya zo munka zura guga bai taɓa ruwa ba. Ruwa ya ƙara yin ƙasa, igiya ta gaza da gaba guda. Anka dubi juna, anka dube ni. Hannun besti zuwa hannun besti gaba guda ne cif, kamar don haka anka ɗinka ta. Yanzu haka tana ɗaure tsakanin igiya da guga tana aikin ƙasa, awaki sun sha, kuma warin ya hita, ka gaya ma Madina.

Ka aiko mani igiya, gaba arba'in, mai kauri. Ka aiko ta da motar Litinin, don hannun hagu ya fara yagewa.

Naka,
Nomau, mai komi